Da Tsohuwar Kyamara a Rumfar Jiragen Ebute Metta

Mu da muka tashi a gefen layin dogo a Arewa, rabin labarin jirgin ƙasa muka sani. Mun ga taragai suna shigowa da goro da gishiri, suna fita da shanu da buhuna, amma gidan da jiragen suke kwana a Kurmi, inda ake wanke su a gyara su a sake turo su, kaɗan daga cikinmu suka taɓa leƙa shi. Ni a Sabon Garin Zariya na girma, ɗaukar hoto ce sana'ata, kuma na sha zuwa Legas ba tare da na taka harabar reluwe ta Ebute Metta ba. Abin da ya kai ni wannan karon shi ne labarin cewa akwai masu ƙoƙarin ƙwato tsofaffin gine-ginen wurin da kawunan jirage daga hannun ruwa da gara da tsatsa. Aiki ne na hannu mai cin lokaci, don haka na ga ya dace in ɗauke shi da kyamarar da ita ma ba ta yarda da gaggawa. Na ajiye ta zamani a gida, na ɗauko tsofaffi biyu masu cin fim.

Ta farko Yashica Mat-124G ce, ƙirar Japan ta shekarun 1970, mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya: da na sama ake leƙe, na ƙasa ke ɗaukar hoton. Ba a kai ta fuska. A daidai ciki ake riƙe ta, a sunkuya a duba gilashin da ke samanta. Fim ɗinta mai faɗi ne, wanda ake kira 120, naɗi ɗaya hoto 12 kacal yake bayarwa, kowanne santimita 6 tsawo, 6 faɗi. Ta biyu Pentax K1000, wadda aka fara ƙerawa a 1976, mai fim ɗin milimita 35 da ke ba da hoto 36. Dukansu biyu ba sa jiran batir kafin su ɗauka; batirin na ma'aunin haske ne kawai. Kamfanin Kodak ya fito da fim ɗin 120 a 1901, shekarar da aka buɗe dogo tsakanin Legas da Ibadan, kuma har gobe da faɗin nan ake yin sa. Na ji daɗin sanin cewa fim ɗina tsaran dogon ne.

Fim yanzu daga waje yake zuwa, kuma ba araha. Na tanadi baƙi-da-fari na Ilford HP5 Plus, mai ƙarfin 400, da 'yan naɗi na Kodak Portra mai launi. Zafi yana lalata fim, laima kuma tana sa gilashin kyamara ya yi fumfuna, abin da ba mu cika fama da shi a Zariya ba. Saboda haka a Legas fim a firji yake kwana, a fito da shi ya sake kafin a buɗe ledarsa don kada ya yi gumi, kyamarori kuma su zauna a jaka tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

A Agege na sauka, gidan kawuna mai harkar goro. Duk wanda yake son ya gane abin da jirgin ƙasa ya yi wa Bahaushe, ya zauna a Agege ya kasa kunne. Kafin dogo, Gwanja fatakenmu suke nufa neman goro, da jakuna, tafiyar watanni zuwa da komowa. Da noman goron da muke ci ya kafu a ƙasar Yarabawa, a kewayen Agege da Ota da Shagamu, ga kuma tasha a kusa, sai hanyar ta juya. 'Yan kasuwa suka riƙa sauka, su saya, su ɗaure da ganye, su loda a tarago. Wasu suka zauna, aka yi zango, aka yi masallatai da makarantun allo, aka naɗa Sarkin Hausawa. Yau akwai gidajen da jikoki da tattaɓa-kunne duk a nan aka yanke musu cibiya, Hausa a baki, Yarabanci a baki.

Da dare bayan mun ci tuwo na fito da kyamarorin ina sharewa. Kawu ya ɗauki Yashica ya jujjuya ta, ya ce irinta mai hoton unguwarsu yake ratayawa ranar sallah lokacin suna yara. Sannan ya ce, "To ɗana, me ka gani a jikin tsohon ƙarfe har ka yi wannan doguwar tafiya?"

Na ce, "Kawu, ai shi ya kawo ku nan."

Ya ajiye kyamarar. Ya ce gaskiya ne, mahaifinsa, wato kakana na wajen uwa, a jirgi ya zo yana saurayi, ya biyo ubangidansa sayen goro, bai sake komawa da zama ba. A daren ya ɗaga waya ya kira wani dattijo abokinsa da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, ya roƙe shi ya raka ni.

Da safe na shiga sabon jirgin cikin gari da ake kira Red Line, wanda aka ƙaddamar a 2024. Daga Agbado yake tasowa, ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba ya tsaya a Oyingbo, kilomita 27, kuma hanyar tsohon dogon yake bi. Ta taga bayan gari ake gani: shanyar kaya, masu suyar ƙosai, shagunan walda, yara da kayan makaranta. Daga Oyingbo ba nisa, titin Murtala Muhammed ne zai kai ka bakin harabar. Izinin ɗaukar hoto tun kafin in taso na nema, domin wurin aiki ne, nan hedikwatar hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1955.

Da ka wuce ƙofa sai hayaniyar gari ta koma baya. Manyan itatuwa, tituna masu inuwa, tsofaffin gidajen ma'aikata masu dogon rufi da faffaɗar baranda. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Jaekel House, gidan bene da aka gina a 1898, tun dogo bai kai Ibadan ba. Da farko gidan babban manajan reluwe ne. Sunan da yake amsawa yanzu na Francis Jaekel ne, Baturen da ya daɗe yana aiki da reluwen ƙasar nan ya kuma rubuta tarihinta. Ƙungiyar Legacy 1995, mai fafutukar adana kayan tarihi, ita ta gyara gidan a 2010, kuma masanin zanen gine-gine Farfesa John Godwin yana kan gaba a aikin. Yanzu ƙaramin gidan tarihi ne, da tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe na da. Na zaga shi sama da ƙasa, na ɗauki matakala da baranda, amma ginin da aka gama gyarawa ba shi da yawan abin faɗa wa kyamara. Inda ake cikin aikin nake nema.

A bayan wani tsohon gini da ke kusa na iske kafinta ya kwantar da taga a kan benci, irin mai 'yan fallayen katako a jere a karkace, masu barin iska ta shiga su tare ruwa. Dattijo ne Bayarabe. Na gaishe shi, ya dube ni ya amsa da Hausa tsantsa. A Kafanchan aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, sun zauna Minna, sun zauna Zariya. 'Ya'yan reluwe na wancan zamani da yawansu haka suke.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. A yi mini izini in ɗauka?"

Ya ce, "Ɗauki, yarona, amma kada ka ce in tsaya."

Kowane falle ya sa masa lamba da alli kafin ya kwance shi, domin ya koma gurbinsa. Yana ƙwanƙwasa katakon da ƙotar guduma yana saurare. Mai lafiya amsawarsa a dunƙule take. Wanda gara ta cinye cikinsa kuwa ƙararsa a buɗe, ko da fentin waje lafiya lau. Inda ya ji haka sai ya soka tsinin ƙusa. In ta shige ba gardama, ya ja layi da fensir ɗan gaba da inda ruɓar ta ƙare, ya yanke a karkace da zarto, ya sassaƙa sabon guntun iroko daidai da karkatar, ya shafa gam, ya haɗa, ya matse. Na tambaye shi me ya sa ba za a cire duka a sa sabo a huta ba. Bai ɗago ba ya ce, "In na cire duka, ai sabuwar taga na yi. Ba ita aka kira ni in yi ba."

Yashica ta dace da irin wannan wuri. Tunda a ciki take, kai kuma kana sunkuye, mutum ba ya jin an tsare shi da ido, ƙarar ɗaukarta kuma ƙyas ce kawai. Abin da ke cikin gilashin a juye yake, dama ta koma hagu, don haka bin hannu mai motsi sai da natsuwa. Kuma mai hoto 12 a naɗi ba ya danna don gwaji. Na tsaya ina kallonsa yana goge haɗin da samfefa, har na lura cewa lokaci-lokaci yakan dakata ya bi haɗin da babban yatsa, idonsa yana wani wuri, yatsan ne ke dubawa. Wannan dakatawar na jira, ita na ɗauka.

Kafintan ne ya jera mini yadda gyaran tsohon gini yake tafiya a garin da ruwa ba ya wasa. Rufi ne farko, domin muddin yana yoyo duk abin da aka yi a ƙasa asara ne. Sai hanyar ruwa, a janye shi daga gindin bango. Sai maganin gara. Tsohon bangon da aka ɗaure da farar ƙasa ba a liƙe shi da siminti mai tauri, don simintin yana kulle laima a ciki bulon ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Fenti shi ne ƙarshe, ko da yake shi mutane suke gani su ce an yi gyara. Ya ƙara da cewa hoto ma kayan aiki ne a wurinsu: ba a kwance komai sai an ɗauke shi yadda yake, kuma tsohon hoto ne ke nuna yadda baranda take kafin wani ya toshe ta da bulo.

Tsohuwar rumfar jirage tana can ciki, kuma ita ce zuciyar tafiyata. Doguwar rumfa ce mai ginshiƙan ƙarfe, layukan dogo sun shiga cikinta a jere, tsakanin ƙarafunan akwai dogon rami inda makaniki ke sauka ya duba ƙarƙashin jirgi. Kwanon rufi ya huje nan da can. Kawunan jirage masu aiki da tururi suna tsaye inda aka ajiye su, ga tsofaffin taragai, ga ciyawa ta tsiro a tsakanin ƙafafu. A gefe wasu samari suna kankare tsatsa da buroshin waya, wani yana bin su da jan fentin da ake fara shafa wa ƙarfe, wasu biyu suna kwashe ƙasar da ta cika ramin. Aikin kaɗan ne in aka gwada da girman wurin, amma inda hannu ya taɓa a bayyane yake.

Ranar da dattijon nan abokin kawu ya rako ni na fahimci abin da nake kallo. Asalinsa mutumin Gusau ne. Yana matashi ya shiga reluwe a matsayin mai share inji, ya zama mai zuba kwal, daga baya ya tuƙa na dizal. Haka matakan suke a da, ba a ba mutum tuƙi sai ya san wuta. Muna shiga ya wuce ni, ya je ya ɗora tafin hannunsa a jikin tukunyar wani kan jirgi kamar mai gaisawa da dokinsa. Ya ƙirga mini ƙafafun: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, biyu a baya. Ya ce irin wannan tsari ne na jiragen da aka kawo daga Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu aka sa musu sunayen kogunan Nijeriya, kuma a kansu ya koyi aiki.

Ya ce, "Ka ga nan, ɗana, ba wurin babban gyara ba ne, masauki ne. Jirgi ya dawo daga tafiya, a zubar da toka, a kwashe dattin da ya taru a gaba wajen bututun hayaƙi, a zuba kwal, a cika ruwa, a bi kowace gaɓa da mai. In lokaci ya yi a kashe wuta, a bar tukunya ta huce, a wanke cikinta, don ruwa yana barin ɓawo mai hana zafi ratsawa. Tayar da injin da ya yi sanyi kuwa sa'o'i yake ci. In ka matsa masa, ƙarfe ya buɗe ba daidai ba, bututu su soma yoyo."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, to ya wutar take jan tarago?"

Ya sa na hau inda direba ke tsayawa, ya nuna mini ƙofar murhu. Wuta a baya take. Zafinta yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa ruwan tukunya har gaba. Tururi ya taru a sama, direba ya buɗe masa hanya ya sauka cikin silinda biyu da ke gefe, ya tura fistin, sandunan ƙarfe su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki ta bututun hayaƙi yake fita, kuma fitarsa ce ke zuƙo iska ta cikin murhu, shi ya sa in jirgi yana hawan tudu wutar take ƙara ci, mai zuba kwal kuma ba shi da hutu. Ya ce ba ƙarfi kaɗai ba ne, baza kwal ɗin daidai shi ne gwaninta, kusurwa-kusurwa, kada a bar rami. Ido ɗaya kuma kullum yana kan gilashin da ke nuna tsayin ruwa, domin in ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, abin da zai biyo baya ba a fatarsa. Kwal ɗin na Inugu ne, wanda aka gano a 1909.

Ɗaukar hoto a cikin rumfar yana da wuya. Wurin duhu ne, sai igiyoyin haske da ke saukowa ta hujin kwano, ƙarfen kuma baƙi. In ka bar ma'aunin Pentax ya kalli rumfar gaba ɗaya, hasken hujin zai ruɗe shi, ya ba ka lissafin da zai mayar da jiragen dunƙulen baƙi. Sai ka matsa kusa da ƙafar jirgi ka auna hasken inuwar, ka yi aiki da shi, tunda fim baƙi-da-fari yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Na kafa Yashica a kan ƙafa uku, na matse ƙofar haske zuwa 16 don komai ya fito tun daga ƙusar da ke gabana har ƙarshen rumfa, na sa igiyar dannawa don kada hannu ya girgiza ta. A irin wannan matsi daƙiƙoƙi ake buƙata, kuma da zarar an wuce daƙiƙa ɗaya fim yana rage karɓar haske: inda ma'auni ya ce 10, HP5 kusan 20 yake so. Da hantsi ne wurin ya fi ba da hoto, lokacin da rana ke shigowa a karkace, ƙurar tsatsar da samarin ke tayarwa ta fito da igiyoyin hasken.

Tsatsa tana kyau a hoto, kuma wannan tarko ne ga masu sana'armu. Fim mai launi yana fito da ita ja da ruwan goro, ga koren gansakuka a gefe, mai kallo ya ce kai, madalla. Amma abin da yake yabawa lalacewa ce. Na ga hotunan irin waɗannan wurare da yawa da babu mutum ko ɗaya a ciki, sai ka ɗauka an yi sallama da su. Na ƙudurta cewa nawa ba za su zama haka ba. Kusan duk hoton da na ɗauka a rumfar akwai hannu a ciki, ko buroshi, ko iyakar da jan fenti ya tsaya tsatsa ta ɗauka. In daƙiƙoƙin sun yi yawa mai aikin ya fito a ɗan shafe saboda motsi, na bar shi haka, ƙarfen a tsaye, mutumin yana aiki.

Da azahar muka yi salla muka zauna a inuwar wani tarago, hira ta koma Arewa. A 1896 aka fara shimfiɗa dogo daga Legas. Na Arewa daban aka fara shi, daga Baro a bakin kogin Kwara zuwa Kano, daga 1907 zuwa 1911, kuma a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka tayar da aikin. A 1912 layukan biyu suka haɗu a Minna. Gadar Jebba ba ta kammala ba sai 1916. Kafin nan a jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,126 ne. Da dogo ya isa Kano, auduga Turawa suka sa rai, manoma suka ba su gyaɗa, kuma dalar gyaɗar da muke alfahari da ita buhuna ne da ke jiran tarago, domin jiragen ba sa iya kwashe amfanin shekara a lokaci ɗaya. Waɗanda suka haƙa ƙasa suka ɗauki ƙarfe a ka tsakanin Baro da Kano kuwa, da yawansu talakawa ne da aka ɗebo daga ƙauyuka aikin tilas. Baba mutumin Gusau ya kuma kawo yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan reluwe na Legas ƙarƙashin Michael Imoudu suka kasance ƙashin bayansa, aka yi sama da kwana 40. Bai riske shi ba, amma waɗanda suka koya masa aiki sun yi shi, kuma sun ba shi labari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gidan manaja yana da shekarar gini da suna, kan jirgi yana da lamba da sunan masana'antar da ta ƙera shi, amma mai zuba kwal da ɗan dako da mai rakiyar shanu da mai ɗaurin goro ba su da komai a rubuce. Wannan ba laifin masu gyara ba ne. Sun tsayar da gini, suna tare ruwa, sun yi nasu. Ɓangaren da ya rage a bakin dattawan Agege da Idi-Araba da Zariya da Gusau yake, da Hausa ake faɗarsa, kuma mu ne muke jin yaren.

Lokaci kuma ba ya jira. A nan Ebute Metta aka gina sabuwar tashar Mobolaji Johnson, inda jirgin zamani na Legas zuwa Ibadan ke tashi tun 2021, tafiyar kilomita 157. Faɗin sabon dogon milimita 1,435 ne, na tsohon 1,067, don haka babu ɗaya daga cikin waɗannan kawuna da zai taɓa hawa sabon layi. Abin da ba ya aiki kuma ba a ɗauke shi kayan tarihi ba, ƙarshensa ma'aunin 'yan gwangwan, kuma sana'ar da 'yan uwanmu da yawa ke ci da ita ce a Legas, halas ɗinsu. Ƙarfe da tagulla suna da kuɗi a kilo. Baba ya nuna mini ramukan ƙusoshi huɗu a jikin wani inji inda farantin tagulla mai ɗauke da suna yake a da. Na matsa da Pentax na ɗauki ramukan.

A gidan kawu na wanke baƙi-da-farin. Mai launi sai wurin masu inji. Ba a buƙatar ɗakin duhu don wanke fim, baƙar jaka mai hannuwa biyu ta isa: a cikinta ake warware shi da lalube, a naɗa a kan faifai, a rufe a gwangwanin da haske ba ya shiga. Wahalar Legas ita ce zafin ruwa. Maganin wanki a ma'aunin zafi 20 ake son sa, ruwan famfo kuwa ya zarce haka nesa, don haka na sayo ƙanƙara wurin wata baiwar Allah a bakin layi na riƙa sanyaya shi ina aunawa. HP5 a cikin maganin ID-11 da ba a sirka ba minti 7 da rabi yake yi, ana juya gwangwanin lokaci-lokaci. Sai a tsayar, a zuba maganin da ke kafe hoton, a ɗauraye sosai, a rataye a banɗaki inda ƙura ba ta tashi. Yaran gidan suka taru suna kallon nagatif, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, ƙaramarsu ta gane ƙafar jirgi kafin kowa.

Da aka buga mini hotunan a takarda na raba su uku: na kafinta da samarin rumfa, na masu kula da gidan tarihin, da na Agege. A bayan kowanne na rubuta wuri da shekara da fensir. Na Agege a ƙofar shagon kawu muka baje su bayan la'asar. Baba ya zo da wasu abokansa biyu, ɗaya ya yi aikin canza layi a Offa, ɗaya kuma ya yi shekaru yana rakiyar shanu daga Nguru. Na nemi izininsu na kunna rikoda a waya na ajiye a tsakiyar tabarma.

Hoton ƙofar murhu ne ya tayar da gardama. Baba ya ce a duk hanyar babu inda ke shan gumin mai zuba kwal irin fitowa daga Jebba da kaya cike. Mutumin Offa ya ce a'a, ya manta da damina ne, lokacin da dogo ke santsi ƙafafu su yi ta juyawa a wuri ɗaya sai an zuba yashi. Mai shanu ya ce ku duka a gaba kuke, ku tambayi wanda ke baya yana tayar da saniyar da ta kwanta don kada 'yan uwanta su tattake ta, yana neman ruwa a kowace tasha. Kawu ya aika a ƙaro shayi, ya ce da ni, "Ɗana, duba wayar nan taka da kyau, kada cajinta ya ƙare, yanzu suka fara."